Daga Maraɗi Zuwa Jiratawa Neman Irin Tumatir

 Tafiyar da za mu ba ku labarinta a wannan fitowa ba doguwa ba ce, don da hantsi muka fita, kafin la'asar ta yi sanyi mun dawo gida. Daga birnin Maraɗi muka tashi, garaken Jiratawa muka nufa. Abin da ya fitar da mu kuwa abu ne da ke shiga tukunyar kowane gida dare da rana, wato tumatir.

Duk mai ba da kuɗin cefane ya san halin tumatir a ƙasarmu. Daga Janairu zuwa Maris yakan cika kasuwa har mai sayarwa ya riƙa kiran mai saye, kwanduna su yi ta zubar da ruwa a bakin hanya. Da zarar bazara ta kama sai ya fara ja da baya. Daga nan har ƙarshen damina, kuɗin da ke sayen kashi guda a lokacin sanyi ba ya wuce ƙwaya uku ko huɗu, su ma ba masu kyau ba. Sai uwargida ta koma ga na gwangwani ko ga busasshe, miya ta yi ja amma ta rasa ɗanɗanon ɗanye.

Abin da ya tashe mu

A shekaran bara uwargida ta ce ta gaji, za ta shuka nata a tsakar gida. Muka sayo mata takardar iri a kasuwa, muka zaɓi wadda ke da hoton tumatir ƙato kamar dunƙulen hannu, don mun ɗauka girman ɗa shi ne yawan amfani. Ta yi yafi a ƙarshen Fabrairu, ta dasa cikin gwangwanayen madara da tsofaffin kwanoni. Shuka ta tashi kore shar, har maƙwabta suna leƙowa suna sa albarka. Wajen ƙarshen Afrilu fure ya fito, rawaya gwanin kyau, amma kowace safiya sai mu tarar da shi a ƙasa. Wata biyu muna sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa saboda wannan shuka. Abin da muka tsinka a ƙarshe ƙwaya biyar ne, uku daga cikinsu gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe. Yara suka mai da abin wasa, uwargida ta ce ita da shuka har abada.

Wani maƙwabcinmu da ya taso a bakin gulbi ya ji labari, ya yi dariya, ya ce matambayi ba ya ɓata, mu je wajen masu garka mu ga yadda suke yi. Muka yi ta ɗagawa har sanyi ya shigo. A watan Janairun bara, ranar wata Asabar, muka shirya mu huɗu: mu da uwargida, da autanmu, da shi maƙwabcin da ya yarda ya yi mana jagora.

Hanya da gulbi

Jiratawa tana kudu da Maraɗi, kimanin kilomita 10, a kan hanyar da ta nufi Ɗan Isa da Katsina. Ranar hunturu ya sauko, hazo ya rufe rana, masu kabu-kabu duk sun naɗe fuska da rawani. Muna barin gidajen ƙarshe na birni sai muka fara cin karo da amalanken shanu da babura ɗauke da buhunan zogale da kabeji, duk sun doshi kasuwa.

Wanda ya san Maraɗi ta kan tudu kawai bai gama saninta ba, don asalin garin a cikin kwarin gulbi yake. Can Katsinawan da suka baro birninsu a farkon ƙarni na 19 suka zauna, lokacin wurin yana kurmi. Ambaliyar shekarar 1945 ce ta ci tsohon gari, aka tashi aka koma kan tudu inda birnin yake yau. Shi kuwa gulbin daga ƙasar Katsina ya taso, ya shigo Nijar ta yankin Madarumfa, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da damina kawai yake gudu, kuma dattawa na cewa ruwansa ya ragu tun da aka gina madatsar Jibiya. A watan Janairu yashi ne fari fat, yara na ƙwallo a tsakiyarsa. Amma ruwan yana nan a ƙarƙashin ƙasa, shi ne ke rayar da mangwarori da garaken da suka yi jere a gefensa.

A Jiratawa akwai babban filin noman rani da aka buɗe a farkon shekarun 1980, mai faɗin kimanin hekta 500, inda injuna ke jawo ruwa daga rijiyoyin burtsatse, ya bi magudanan siminti ya shiga gonaki. Manoma sun haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai, hukumar ONAHA na kula da aikin ruwan. Abin da ido ke fara gani shi ne zogale, layi bayan layi, mata da ƴammata na zage ganye a inuwa. Bayansa ga masara, ga albasa, ga tattasai da salati. Bayan ƙurar hanya, sanyin wurin da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai da suka sa autanmu ya tambaya ko damina ba ta tafi ba a nan.

A garkar dattijo

Jagoranmu ya ratsa da mu gefen babban filin zuwa wata ƴar garka mai shingen ƙaya, da rijiyarta da ɗan injin ban ruwa. Mai ita dattijo ne, farin gemu, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa. Muka gaisa, ya shimfiɗa mana buhu a gindin mangwaro. Uwargida ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwashe labarin gwangwanayenta ta gaya masa.

Ya saurara har ta gama, sannan ya ce: "Ɗiyata, wane wata kika yi yafi?"

Ta ce: "Ƙarshen Fabrairu, Baba."

Ya ce: "To, lokacin da mu muke shirin tashi daga tumatir, ke lokacin kika shiga. Ba hannunki ne ba shi da albarka ba. Kin ɗauko irin sanyi kin kai shi bazara, kin kuma ɗauko irin gona kin sa shi a gwangwani."

Daga baya wani malamin gona ya ƙara mana bayanin wannan magana. Furen tumatir yana da wani gari a cikinsa wanda sai ya yi aiki sannan ɗa ke ƙulluwa. In zafin rana ya haura digiri 35, dare kuma ya ƙi yin sanyi, garin nan yakan mutu, fure ya bushe ya faɗi ba tare da ya ƙulla komai ba. A Maraɗi kuwa zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Baƙin gindin nan kuma ba ƙwaro ne ya kawo shi ba. Ƙaramin gwangwani yakan bushe kafin azahar, a cika shi da ruwa da yamma, gobe ya sake bushewa. Wannan ƙishi da ƙoshi ne ke hana sinadarin kalsiyom isa ƙarshen ɗan, sai wurin ya mutu. Manyan iri da dogaye sun fi kamuwa da wannan, ƙanana masu zagaye ba su cika yi ba.

Dattijon ya ce kafin mutum ya sayi iri, ya fara amsa wa kansa tambayoyi. A wane wata yake son ya ci? Ina zai shuka, kuma me girman mazubin? Miya yake so, ko ci ɗanye, ko shanya? Sannan kowace shekara zai sayi iri, ko yana son ya riƙa ajiye nasa? Ya ce mai tsakar gida ba ɗan kasuwa ba ne, ba kwando yake nema rana ɗaya ba, ƴar tasa yake nema yau da gobe. Saboda haka ƙaramin tumatir ya fi masa: yana saurin nuna, yana da yawan fure ta yadda in wasu sun zube wasu za su kama, kuma ba ya buƙatar ruwa mai yawa kafin ɗan ya cika.

Iri huɗu da muka gani

Ya tashi ya zagaya da mu fangali bayan fangali. Na farko da ya nuna mana ba shi ya shuka shi ba. A jikin shinge yake, ya yi yaɗo ya hau ƙaya, ƴaƴansa ba su fi magarya girma ba. Shi ne ɗan ƙaramin tumatirin nan da ke fitowa da kansa a bayan gida da kan juji da damina, wanda kakanninmu ke tsinka su jefa a miyar yauƙi. Yana da tsami, ga yawan ƙwaya, ga ƙarancin tsoka, amma ba ya tsoron ruwan sama, ba ya saurin jin zafi. Ba mamaki da ya fi sauran juriya, don shi ya fi kusa da asali. Tumatir ɗan Amurka ta Kudu ne, kakanninsa na daji a yankin Peru da Ekwado ƙanana ne ƙwarai. Mutanen Meziko ne suka rene shi ya girma, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu a duniya har ya iso mu.

Na biyu gajere ne, ƴaƴansa zagayayyu kamar ƙwan zabuwa. Wannan shi ne dangin Xina, irin da aka fitar a Senegal don ya jure zafi da damina. Daga gare shi ne masu bincike na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, suka tace wanda ake kira Icrixina, domin manoman Nijar su samu tumatir a watannin da ya fi tsada. Dattijon ya ce ƴan kasuwa ba su cika son sa da sanyi ba saboda ƙanƙantarsa, amma in damina ta yi tsakiya shi ake nema ido rufe. Ana iya ajiye irinsa a sake shukawa.

Na uku kowa ya san shi, shi ne Roma, dogo kamar ƙwan kaza da aka ɗan ja. Tsokarsa na da kauri, ruwansa kaɗan ne, don haka yana kaɗa miya, kuma shi ya fi dacewa da a yanka a shanya. Ba ya tsawo sosai, yakan zuba ƴaƴansa kusan lokaci ɗaya cikin ƴan makonni sannan ya gama. Amma ɗan sanyi ne, kuma shi ne kan gaba wajen baƙin gindi in aka yi wasa da ban ruwa.

Na huɗu layi guda kawai ya yi masa, don wasu masu sayar da salati a birni ke saye. Shi ne wanda takardun iri ke kira "tomate cerise". Ƴaƴansa na fitowa a jere kamar zangarniyar dabino, ga zaƙi. Yawancin ire-irensa ba su daina tsawo, sai an kafa musu sanda ko an ɗaure su da igiya, a riƙa cire ƙananan rassan da ke tsirowa a hammatar ganye. A madadin wannan wahala yakan daɗe yana bayarwa. Aibinsa shi ne fatarsa na tsagewa in ya sha ruwa da yawa bayan ƙishi. Autanmu ya ci guda, ya kalli dattijon, ya miƙa hannu a karo na biyu.

Karatun takardar iri

Da yake da yawa cikin masu karatunmu suna karanta Faransanci, ga abin da ya kamata a duba a bayan takarda kafin a biya kuɗi, maimakon hoton da ke gabanta. In an rubuta "déterminée", shukar gajeriya ce mai tsayawa da kanta, ta fi dacewa da mazubi. In "indéterminée" ce, a tanadi sanda mai tsawo. Alamar F1 na nufin irin aure ne. Yakan yi ƙarfi da yawan ƴaƴa, kamar Mongal F1 da masu noman damina suka sani, sai dai ya fi tsada, kuma in aka ajiye ƙwayarsa aka shuka ba za ta fito kamar uwar ba. Haruffan V da F, kamar a sunan Roma VF, na nuna irin yana jure wasu cututtuka biyu na cikin ƙasa masu sa shuka ta yi yaushi. Harafin N kuwa na ƙananan tsutsotsin nan ne da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulu-ƙulu, waɗanda suka yawaita a ƙasa mai yashi irin tamu. A duba kwanan wata, a kuma guji takardar da ta daɗe tana shan rana a kan tebur.

Mun tambayi dattijon maganar ƙwari. Ya juya wani ganye ya nuna mana farin ƙuda, ɗan mitsitsi, wanda ke ɗauke da cutar da ke sa ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, shuka ta tsugune. Ya ce wadda ta kamu ba ta da magani, a tuge ta tun kafin ta shafa wa sauran. Sannan ya nuna mana ganyen da wata tsutsa ta shiga tsakiyarsa ta cinye, ta bar fata fara kamar takarda. Wannan ita ce Tuta absoluta. Ita ma daga Amurka ta Kudu ta fito, ta bayyana a Sifen a 2006, aka gan ta a Nijar a 2013, a 2016 kuma ta yi mummunar ɓarna a gonakin Kano da Kaduna da Katsina. Ya ce mai shuka goma a gida ya fi mai gona sauƙi, don yana iya duba kowane ganye da safe, ya tsinke wanda ya kamu ya ƙone. In abin ya yi yawa, a daka ƙwallon bedi, a jiƙa ya kwana, a tace a fesa da yamma. Ya ja kunnenmu ƙwarai kan maganin ƙwarin da ake sayarwa a kwalabe marasa suna. Ya ce gidan da yara ke tsinkar tumatir su kai baki ba wurin irin wannan magani ba ne.

Da za mu tafi ya tsinko na jikin shingen nan cikin tafin hannu ya ba uwargida. Ya ce ta matse su a kofi, ta bar su kwana biyu ko uku har yauƙin ya saki, ta wanke, ta shanya a inuwa, ta ajiye a kwalba da ɗan toka. Muka kawo ɗan abin goro, ya ƙi karɓa, ya ce in ya yi ƴaƴa a kawo masa labari.

Abin da ya biyo baya

Ba mu shuka komai ba a bazarar nan, kuma wannan shi ne darasi na farko. Muka nemi bido takwas na lita 25 da suka tashi daga aiki, muka yanke bakinsu, muka huda gindinsu. Muka cika su da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen takin dabbobi kashi ɗaya, muka jera su inda rana ke samu daga safe zuwa azahar, muka kewaye da tsohuwar waya saboda akuya da kaji. Da ruwa ya sauka a watan Yuni uwargida ta yi yafin na dattijo da Icrixina da muka samo wajen masu sayar da iri. Bayan kamar mako huɗu ta dasa da yamma, shuka ɗaya a kowane bido. Ranar da ba a yi ruwan sama ba, ruwan alwala da muke tarawa a tasa shi ke zuwa gindinsu, ban da ruwan wanki mai sabulu.

Ba duka suka yi ba. Biyu sun kamu da nannaɗewar ganye muka tuge su, akuya ta samu kafa ta cinye ɗaya. Biyar da suka rage suka fara nuna a watan Satumba, daidai lokacin da tumatir ke tsada. Duk bayan kwana biyu ko uku uwargida na tsinkar ƴar tasa. Bai raba mu da kasuwa ba, amma kusan wata biyu miyar gidanmu ba ta rasa ɗanyen tumatir ba. A watan Oktoba muka zubar da tsohuwar ƙasar muka sa sabuwa, aka yi yafin Roma da na zangarniya. Roma ya zuba a Janairu, ta shanya rabi ta ajiye don bazara. Na zangarniya kuwa ko sau ɗaya bai isa madafa ba, yara ke gamawa da shi a kan hanyarsu ta dawowa daga makaranta.

Mun koma Jiratawa da sanyin bana mun kai wa dattijon labari, tare da ƙullin busasshen tumatir na hannun uwargida. Wannan karon ya karɓa. Ya ɗaga ɗaya ya duba a rana, ya ce yankan ya ɗan yi kauri, baɗi ta ƙara sirantawa.

Ga iyalan da ke son gwadawa, shawararmu ita ce a fara da mazubi huɗu ko biyar, a yi yafin mai jure zafi a farkon damina, a yi na sanyi a Oktoba ko Nuwamba, a bar bazara ta wuce. Wanda ke kusa da garake, ko a Mirya yake, ko Dogerawa, ko bakin kogi a Yamai, ya je ya tambayi masu aikin irin da ke karɓar ƙasarsu, don abin da ya yi a Maraɗi ba lalle ya yi a Agadas ba. Allah ya sa albarka a abin da muke shukawa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.